Farar ƙasa a bangon Kawu

Kawuna mai zane ne, kuma mai taurin kai ne na bugawa a jarida. Ya yi ƙuruciyarsa a gidan zane na gwamnati, inda akwai albashi da fanka da kwamitin da ke zaɓen abin da za a rataya. Ya ce wurin maƙabarta ce mai mai gadi: zane ya shiga, a kulle shi a sito, shi da rana sai a lahira. Ranar da kwamiti ya ce ya rage ja a wani zanensa, ya ɗauki burusansa ya fita.

Shi da abokansa suka kama wani tsohon gareji, mai ƙasa baƙa da man inji. Ba shugaba, kowa da mabuɗinsa. Doka ɗaya ce, kuma Kawu ne ya kafa ta: a jikin babban bangon ake zane, kowa wata guda. Wata na cika, mai zanen da hannunsa zai shafe aikinsa da farar ƙasa, na gaba ya hau. Ni da na taso a gidansa na sha ganin yana shafe nasa yana fito, ina jin haushi kamar in ƙwace bokitin.

Bayan rasuwar Inna, matarsa, idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce irin ciwon da ba ya komawa baya ne. Da layi ya zo kansa, sai ya zana fuskarta, tun daga ƙasa har rufi. Kullum ni ke kai shi, ya zauna a benci yana kallonta. Na ɗauki hoton bangon a waya na nuna masa, ya kai wayar har hancinsa, ya miƙo mini.

"Uwata, ba na ganin komai a nan. Can kaɗai nake ganin ta."

Tun daga ranar tsoro ya kama ni. Duk wanda ya shigo garejin da bokiti, sai in bi shi da ido.

Shugabar gidan zanen gwamnati ta zo da kanta, mace mai kirki, tsohuwar abokiyar aikinsa. Ta ce suna da masu iya ɓamɓare shafen bango su ɗauke shi lafiya.

"Malam, ku kuna da 'yanci amma ba ku ajiye komai. Jikokinku me za su gani?"

"Ku kuma kuna ajiyewa ba mai gani," in ji Kawu. Amma bai kore ta ba kamar yadda ya saba.

Wani mai sassaƙa a garejin, babban amininsa, ya ce a ɗaga dokar kawai. Wanda ke bin layi, wani mai gemu da ake ce wa Dogo, ya rantse ya yafe watansa. Na roƙi Kawu har da kuka. Na ce masa doka ba aya ba ce, shi ya yi ta.

"In aka bar nawa, gobe a bar na wane, jibi mu nemi kwamiti," ya ce. Sannan ya kamo hannuna. Tafinsa sanyi ƙalau. "Kina tsammani ba na jin tsoro? Ko abinci ba ya wuce mini."

Ranar da wata ya cika, da hantsi, ya dama farar ƙasar da kansa. Ba wanda ya yi masa ba'ar da aka saba yi wa mai shafewa. Na riƙe masa tsani. Ya fara daga sama, ya bi ɗankwali, ya sauko goshi, bai tsallake ko'ina ba.

Ita farar ƙasa in tana da danshi ba ta rufe komai, sai ta bushe take yin fari. Don haka da ya sauko, Inna na nan tana kallonmu ta cikin ruwan, kamar ta bayan labule. Kawu ya koma bencinsa. Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu mu biyu. Gefen bangon ya fara haske, farin ya ci kunnuwa, ya ci haɓa. Bai ko ƙifta ba, ni kuwa shi nake kallo.

Can ya damƙe mini hannu da ƙarfi har ya yi mini ciwo.

"Uwata, gaya mini gaskiya. Bangon ne ya bushe, ko idon ne ya ƙarasa?"

Na ɗaga kai. Idanun Inna da bakinta suna nan sarai, ko rabin bushewa ba su yi ba.