Malam Ya Yi Karatu da Sunan Ɗan Dagaci

Shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Duk shekara in watan ya kama, nakan yi sadakar waina in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Makon jiya na ji a rediyo an sake maka wani shugaban makaranta a kotu kan takardunsa, sai na ji kamar ni za a kira. Ban san mutumin ba, ban san ko yana da gaskiya ba. Matarsa kawai na tausaya wa.

'Yan yanzu ba za su gane ba sai an yi musu bayani. A zamanin Turawa, in an ce kowane dagaci ya kawo ɗansa makarantar boko, wasu sukan ɓoye nasu su tura ɗan talaka a madadinsa. Haka aka yi wa Malam a wani ƙauye kusa da Kuta. Mahaifinsa yana noma a gonar dagaci, aka kama hannun yaro aka ce daga yau kai ne Haruna. Haruna na gaskiya, ɗan dagacin, ya ci gaba da noman doyarsa. Malam kuwa ya yi elementare, ya yi midil, ya yi kwalejin horon malamai, har digiri, duk da sunan aro.

Na sha yi masa mita. Ina koyarwa a firamare lokacin, na san yadda takarda take cin mutum. Na ce ya je kotu ya yi rantsuwa, a buga a jarida, ya koma sunan da aka yanka masa rago. Sai ya ce, "Hajara, wanda ya ba ka riga, ba ka tuɓe ta a gabansa." Ku ji fa! Mutumin da ya miƙa shi don ya tsirar da ɗansa, wai shi ne mai ba da riga. Kunya ta yi wa Malam yawa, har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

A zamanin soja aka naɗa shi shugaban wata kwalejin gwamnati. Ko tukwanen walima ba mu gama mayar wa maƙwabta a unguwarmu ta Fadikpe ba, sai ga sammaci. Wani da suka nemi kujerar tare, wanda ya sha cin tuwo a gidanmu, ya shigar da ƙara cewa takardun Malam na wani ne, mai su ma yana raye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa da bakinsa Malam ya nuna masa a hira. Kotu ta ce a dakatar da naɗin, a sa muƙaddashi har a gama shari'a.

Shekara shida muna zarya. Malam ya goge kaftaninsa, ya rungumi fayil, mu zauna a benci tun hantsi, a fito a ce lauya bai zo ba, ko alƙali ya yi tafiya. A kasuwa in na tunkaro, mata su rage murya. Kujerar ba ta dame shi kamar yadda mutane suka zata ba. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne a ce malamin da ya kori ɗalibai saboda satar amsa, shi ma da sata ya taso.

Rana ɗaya ce kawai muka dawo gida da dariya. Haruna ya zo daga ƙauye a motar doya, ya tsaya gaban alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, suna dai nawa ne, ban musa ba. Amma ni ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba. In kun ba ni takardar nan, sai dai in ƙunshe gishiri." Kotu ta kwashe da dariya. Muka ce to, an zo ƙarshe. Ina! Aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki, sabon ya ce a faro daga farko. Kafin a sake kiran Haruna, Allah ya karɓi abinsa. Damina biyu bayan haka hawan jini ya kwantar da Malam, bai tashi ba.

Da na fita takaba na je kotun ni kaɗai. Minti biyu ba a yi ba aka ce tun da wanda ake ƙara ya rasu, an kori ƙarar. Ba su ce ya yi ƙarya ba, ba su ce bai yi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A bakin kotu ana canja suna kafin shayi ya huce. Wasu kuma ka kwana ka tashi ka ji sun zama dakta, ba wanda ya ga ranar da suka buɗe littafi. Na san shi, ba zai zagi kowa ba. Zai girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, ni ce zan yi ta faɗa. Shi ma mai ƙarar bai samu kujerar ba. Mukan haɗu a gidan makoki, ya rusuna ya ce, "Hajiya, ina gajiya?" In amsa. Yafiya kam ina ƙoƙari, ban kai ba tukuna.

Me ya rage na Malam? Ɗalibansa sun yi furfura, sukan zo gaishe ni da sallah, suna ba da labarin jan bironsa. Wannan ba kaɗan ba ne, na gode Allah. Amma abin da ya mutu yana jira bai zo ba, kuma na gaji da jiran alƙali. Irinmu ba ma kiran sunan miji, ni ma ban taɓa yi ba, yau dai tsufa ya ba ni izini. Wanda ya zauna a aji, ya rubuta jarrabawar nan da hannunsa ya ci, sunansa Tanko ɗan Audu manomi. Bai saci komai na kowa ba, shi aka raba da sunansa yana ɗan shekara bakwai. Allah ya jiƙanka, Tanko.