Suna Biyu a Ƙarƙashin Kujerar Matuƙi

Shekara talatin da takwas Lubor Kopřiva ya yi yana haɗa haƙoran roba a garinmu Přerov. Rabin tsofaffin unguwarmu da aikin hannunsa suke tauna nama, har da ni. Yana da wata al'ada ta masu sana'arsu: kafin robar ta daskare, sai ya nutsa 'yar mitsitsiyar takarda mai sunan mai haƙorin a ciki, don kada a yi musaya a gidan tsofaffi.

Da ya yi ritaya bai rabu da garin roba da ruwanta da yake kwaɓa haƙoran da su ba. Da su yake zuba sassan ƙananan jiragen sama na kwaikwayo, irin waɗanda muke haɗawa a ƙungiyarmu duk ranar Alhamis. Mu in mun kwaɓa, kumfa ce fal, abu ya fito kamar soso. Shi kuwa sai ya barbaɗa garin a kan ruwan har ya yi kaurin zuma, ya zuba a mazubi, ya sa a tukunyar girkin gidansu mai matsin tururi da ruwan ɗumi. Gilashin ɗakin matuƙi ya fito garau. Matarsa Jarmila ta yi faɗan warin har ta gaji, ta sayi wata tukunyar.

Amininsa shi ne Radim Bartoš. Tare suka koyi tuƙa jirgin sama mara inji suna samari. Radim gwanin fenti ne, kuma gwanin baki, ban taɓa ganin ya shiga ɗaki ya bar wa wani magana ba.

Sai hannun Lubor ya fara rawa. Ya san aikin ya kusa ƙwace masa, don haka ya ce zai yi na ƙarshe, wato jirgin nan da suka koyi tuƙi a cikinsa. Shekara biyu yana zuba sassansa ɗaya bayan ɗaya, yana zubar da goma kafin ɗaya ya yi. Ya gama, amma haɗawa ta gagare shi. A gabana ya miƙa wa Radim kwalin sassan.

"Ka haɗa, ka yi fenti. Mu kai shi gasar Olomouc da sunanmu mu biyu."

"Haba tsoho, sai ka faɗa? Kai dai je ka sha miyar tafarnuwa ka huta, kada ka karkaɗe mini fuka-fuki da wannan hannun naka."

Ranar gasar muka hau jirgin ƙasa ni da Lubor, ya sha farar riga har da laktaye a wuya. Da muka isa zauren gasar, ƙaramin jirgin yana kan tebur, ya yi kyau, ba zan yi wa Radim ƙarya ba. Katin da ke gabansa kuwa suna ɗaya ne a kai, na Radim, ƙarƙashin rukunin aikin hannun mutum ɗaya.

Lubor ya karanta katin sau biyu. Radim ya matso yana gyara wuyan riga.

"Layi ɗaya suka bayar a katin, mutumina. Ai kowa ya sani."

Babu wanda ya sani a wurin. Raina ya ɓaci.

Alƙaliyar gasar ta iso da 'yar tocila da ƙaramin madubi, ta leƙa ɗakin matuƙi yadda suka saba. Ta daɗe a sunkuye. Ashe a cikin robar gindin kujerar matuƙi, Lubor ya riga ya nutsa takardarsa kamar kullum. Ta karanta a fili: "L. Kopřiva, R. Bartoš." Tun kafin Radim ya taɓa burushi, sunansa yana cikin jirgin.

Ta ɗago ta ce, "Malam Bartoš, wane ne Kopřiva?"

Lubor yana tsaye taku biyu daga Radim. Kalma ɗaya daga bakin Radim ta isa, abin da za a rasa kofin gasar ne kawai.

Radim bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Wani ne da nake samun garin roba a wurinsa."

Na buɗe baki, Lubor ya riƙe mini hannun riga. Ina jin rawar yatsunsa har ƙashina.

"Bar shi," ya ce. "Mu tafi, kada jirgin ƙasan ƙarfe uku ya wuce mu."

Lubor bai sake zuwa ƙungiya ranar Alhamis ba. Mako biyu bayan nan Jarmila ta kawo mini sauran garin da ruwan a cikin tsohuwar tukunyarta, ta ce ya ce ba ya son jin warin a gidan.