Telan da Yake Auna Dodanni

Shagon Tela ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani, a kan titin da motocin haya ke juyawa. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da dutsen guga, da madubi mai tsaga a kusurwa, sai babban teburin yanka da ya cinye rabin ɗakin. Tun yana saurayi yake nan. Bai yi karatu mai zurfi ba, bai tara abin duniya ba. Ya yi aure, matar ta rasu ba su haihu ba, bai ƙara ba. Wanda ya san shi da almakashi kawai zai ce iyakar rayuwarsa ke nan. Amma duk Asabar da yamma yakan saki labulen ƙofa, ya share ƙyallaye daga teburin, ya shimfiɗa takarda, ya ɗauki allin ɗinki ya hau zana duwatsu da koguna.

Taswirar wani wasa ce, na zama a kewaye tebur. Kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya riƙa magana da bakinsa, mutum ɗaya kuma ya riƙe sauran duniyar: shi ne hanya, shi ne ruwan sama, shi ne mai masauki, shi ne dodo. In jarumi zai yi abu mai haɗari sai a jefa ɗan ludo, abin da ya fito shi ne hukunci. Wani malamin makaranta da ya kawo wando a rage masa ne ya koya wa Tela. Malamin ya bar garin, wasan ya zauna.

Su uku ne 'yan wasansa. Direba, amininsa tun suna yara, shi ne mai takobi. Dogo mai gyaran wuta shi ne mai sihiri. Auta, ƙanwar Tela, wadda ke aikin jinya a asibiti, ita ce ɓarauniyar da babu ƙofar da ke gagarar ta. Maɓallan riga ne jaruman a kan takardar. Shekara da shekaru suna bin sawun wani dodo da ya kwashe inuwar mutanen garinsu ya gudu da ita hayin wani kogi.

Abin da aka san Tela da shi awo ne. Yadda ba ya sa almakashi sai ya auna mutum, haka ba ya sako musu dodo sai ya auna ƙarfinsu. Ba ya son wanda zai yi musu yawa, ba ya son wanda zai yi musu kaɗan. In ya gama awo kuwa, hannunsa ya fita. A bainar kowa ake jifa, cikin murfin gwangwanin allurai, kuma abin da ya faɗi ya faɗi.

Sun sha faɗa da Direba a kan wannan. Akwai ranar da jarumin Direba na farko, wanda ya kashe ƙattai ba adadi, ya zame daga tsani ya karya wuya.

"Haba mutumina," in ji Direba. "Wane irin labari ne jarumi zai mutu a tsani kamar mai fenti? Ka ce ya kama igiya mana."

"Wace igiya? Ka sayar da ita a kasuwar baya ka sayi hula."

"To ka ce ya faɗa kan ciyawa."

"In na shimfiɗa maka ciyawa yau, gobe ko ka kashe dodon ba za ka san kai ka kashe shi ko ni na kashe maka ba."

Dogo ya ce ai dama direban da bai iya birki ba ba a ba shi tsani. Direba ya yi fushi ya fita, ya dawo Asabar ta gaba da sabon jarumi da kuma igiya har biyu.

Ciwon ƙoda ne ya kama Tela. Da fari ƙafa ce take kumbura, yana cewa zaman keke ne. Auta ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti, kuma ita ta fara karanta fuskar likita. Tela bai tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duban yadi ya faɗi ko zai isa riga bai buƙaci a gaya masa ba. Ya dubi abin da ya rage na labarin, ya dubi ƙarfin jarumansa, ya ga cewa in aka bi ƙa'ida tafiyar ta fi abin da ya rage masa tsawo. Shi kuwa abu ɗaya yake so, ya kai su hayin kogin nan yana da numfashi.

Sai ya fara yin abin da bai taɓa yi ba. Ya riƙa rage wa dodannin hanya ƙarfi. Wanda ya kamata ya sha sara biyar sai ya faɗi a na biyu. Ƙofar da ya kamata a kulle sai a same ta a buɗe. Duk lokacin da ya yi haka sai ya ji kamar ya ha'inci mai kaya, ya sunkuyar da kai yana gyara zaman allinsa.

Abin mamaki, tafiyar ba ta ƙara sauri ba. Sun iso garin da ke bakin gadar kogin, sai suka zauna. Auta ta ce ɓarauniyarta tana son koyon saƙa a wurin wata tsohuwa. Dogo ya ɓata yamma guda yana cinikin alfadari, aka sallama masa ya ce ya fasa, haƙoran ba su yi masa ba. Direba, wanda da ko ƙofar banɗaki ya gani sai ya zare takobi, ya ce jaruminsa ya ga 'yar mai masauki yana so, sai an yi neman aure yadda ya kamata. Tela ya yi muryar tsohuwa, ya yi ta mai alfadari, ya yi ta 'yar mai masauki har suna dariya da hawaye. Asabar tana bin Asabar, wuyan rigarsa yana ƙara yi masa faɗi.

Wata yamma ya ajiye allin.

"Wai me kuke jira a garin nan?"

Babu wanda ya ɗago. Dogo ya hau juya maɓallinsa.

"Ba mu shirya ba, Yaya," in ji Auta. "Ƙarfinmu bai kai ba."

"Ni nake awo, ba ke ba."

"Awon naka ne ya lalace," in ji Direba a hankali. "Ƙaton nan na kwanaki, da bayan takobi na taɓa shi ya kwanta. Ka ɗauka ba mu gani ba? Korar mu kake yi."

"Ku kuma kuna riƙe ni."

Auta ta rufe fuskarta da hannu biyu. A nan Tela ya gane abin da suka ƙulla a bayansa: a ganinsu muddin ba a haye gadar ba, dole a sake wata Asabar. Ya daɗe yana kallon su, mutum uku manya, har da mai furfura, sun ɓuya a bayan alfadari.

"Ciwon bai san da wasanmu ba, Auta," ya ce. "Ke kin fi kowa sani."

Suka yi alkawari mako mai zuwa za su haye. Direba ya kafa sharaɗi, ya ce dodon ƙarshe a bar shi da cikakken ƙarfinsa, ba ya son na gwanjo. Tela ya yi murmushi ya ce wannan ko zare ɗaya bai cire masa ba.

Kafin Asabar ɗin aka kwantar da shi. Suka zo ɗakin marasa lafiya da rana, lokacin ziyara, Dogo riƙe da murfin gwangwanin. Tela ba ya iya tashi zaune, muryarsa sai an matso. Direba ya duƙa a gefen gadon.

"Mutumina, bar jifan nan. Faɗa mana kawai yadda ya ƙare. Mun karɓo inuwar?"

"Ban sani ba."

"Kai fa ka ƙirƙiro shi."

"Dodon na yi. Ƙarshen ban yi ba, naku ne. Na auna shi yadda ni kaina ba zan san wanda zai ci ba." Ya numfasa. "Gadar ta ruɓe. Wa zai fara takawa?"

Direba ya share ido da hannun riga ya ce shi ne. Aka ɗora murfin a kan bargo. Ya jefa, Dogo ya jefa, Auta ta jefa. Nata ya zo ƙasa sosai. Tela ya sa aka karkato masa murfin ya gani da idonsa, ya ce katako ya karye da ita, ta rasa jakar kayan aikinta a ruwa, amma ta kama gefen gadar da hannu ɗaya. Ko a wannan gadon bai yafe mata jakar ba.

"Kun haye," ya ce. Ya lumshe ido. "Hayin ba duhu ba ne, yadda kuka zata. Fili ne, rana tsaka. Ga inuwoyi nan a kwance a ƙasa ba masu su, kamar an shanya wanki. Akwai ta mai ɗauke da tulu. Akwai ta wata mata tana taje gashi. Can nesa wani abu ya ji motsinku, ya fara ɗago kai."

Suka jira. Direba ya ce ya zare takobi. Ya sake faɗa da ɗan ƙarfi. Auta ta taɓa wuyan hannun yayanta, ta ce barci ne, a bar shi.

Bai sake samun ƙarfin magana mai tsawo ba, ya cika a cikin makon. Su ukun ba su ga fuskar dodon ba, kuma babu wanda ya yarda ya zauna a kujerar Tela ya ƙirƙira musu wata. Ubangiji ya yi masa rahama, ya yalwata masa makwanci.