Famfon da Na Tsayar Daga Nesa

Kafin in shiga gidan kaso, ni yarinya ce mai kunya, ɗiyar manomin hatsi a Dakoro. Da na gama kwalej, wani mai gyaran famfunan hasken rana ya ɗauke ni aiki. Kowane famfo da yake kula da shi a ƙauyuka yana da ɗan akwati da bai fi salula ba. Akwatin ba ya da wani ƙarfi, amma a cikinsa akwai ƙaramar manhaja da ke bari a shiga daga nesa a tada famfo ko a tsayar, sai dai da mabuɗin sirri. Maigidana ya sa mini nawa mabuɗin a ordinata, wato kwamfuta, ya ce amana ce, ko uwata kar in ba.

Abin ya fara kamar wasa. Innata ta kira daga ƙauye, ta ce an rufe famfo ga shi tana da baƙi, sai na buɗe mata. Ta yi ta yabona cikin dangi, ni kuwa kai ya kumbura. Labari ya kai ga wani mai sayar da ruwa a amalanke wajen Korahane. Ya kawo mini atamfa, ya roƙi in tsayar da famfon can ranar kasuwa don nasa ruwan ya shiga.

Ranar kasuwa na danna, famfon ya tsaya, na tashi na ci abincina. Ban san makiyaya sun koro garke daga nesa cikin zafin bazara ba. Da na so tada famfon, rezo, wato layin sadarwa, ya yanke. Kafin maigidana ya isa kan babur, shanu sun faɗi a bakin komin shan ruwa.

Akwatin yana tuna mabuɗin duk wanda ya shiga, don haka jandarmomi ba su wahala ba. A gaban alƙali wani tsohon Bafulatani ya dube ni ya ce, “Yarinya, mi saniyata ta yi miki?” Aka yanke mini hukunci, aka kai ni kaso.

Alhamdulillahi, na fito. Babana ya raka ni rugar tsohon, dattijon ya yafe mini, har ya sa aka ba ni nono. Yanzu ina soya ƙuli-ƙuli tare da uwata, ina barci lafiya.

Ƙannena masu wayo da na’ura, abin da kuke taɓawa daga nesa, akwai mai rai a can ƙarshensa. Atamfar nan ko ɗinka ta ban yi ba.