Asusun Jinya na Layinmu

A shekarar da sojoji suka koma bariki ina da ɗan shagon buga takardu a Gyaɗi-Gyaɗi: tafireta biyu, injin ɗaukar hoton takarda ɗaya, sai wani tsohon janareto. 'Yan siyasa sun yi ta kawo mini takardun alkawari ina buga musu, kusan kowacce da maganar asibiti kyauta. Mu dai a layinmu abin da ya tsaya mana a rai shi ne abin da ya sami telan da shagonsa ke kallon nawa.

Matarsa ta zo haihuwa, likita ya ce sai an yi aiki. Kafin la'asar ya sayar da kekunan ɗinkinsa guda biyu. Allah ya sauke ta lafiya, amma shagon bai sake buɗewa ba. Ya karɓi babur haya ya shiga acaɓa tsakanin Unguwa Uku da Hotoro, magidanta biyu da ke ɗinki a ƙarƙashinsa suka kama gabansu.

A ƙarshen layin akwai wata mai kemis, Kirista 'yar kudu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a Kano. Madam muke ce mata. Wata Lahadi da ta dawo daga coci ta tara masu shaguna a gindin darbejiya.

"Kuna adashi don biki da suna," in ji ta, "me zai hana ku yi don ciwo? Sai dai wannan babu ɗauka. Wanda ya kwanta, ko matarsa ko ɗansa ko iyayensa, shi za a biya wa."

Ni na fara musu. Na ce, "To Madam, idan ban yi ciwo ba fa? Kuɗina ya tafi ke nan?"

"Ya tafi, Malam. Sai ka gode wa Allah da ya tafi asibiti ya bar ka a gida."

Aka yi dariya, amma ban gamsu ba. Wasu suka je wurin limamin masallacinmu, ya ce in dai taimakon juna ne, ba mai cin riba a ciki, bai ga laifinsa ba. Madam ta daidaita da likitan wani ƙaramin asibiti a Tarauni: duk wanda ya zo da katinmu a duba shi, a biya daga baya. Ni aka ba bugun katunan da ƙa'idojin. Gaskiya kunya ce ta sa na shiga, don bai dace mai buga kati ya zama ba shi da nasa ba.

Na shafe kusan shekara biyu ina zubi duk mako, ko ciwon kai ba a yi a gidana ba. Ina bayarwa ina jin haushi.

Akwai mai gyaran janareto a layin, baƙo ne daga ƙauye, ba ya son yawan magana. Ya daɗe yana fama da ciwon ƙaba yana ɓoyewa, har ranar da ya faɗi a bakin aikinsa. Da hantsi sai ga matarsa a ƙofar shagona, ta ajiye akwatin kayan aikinsa a ƙasa.

"Malam, ka taimaka ka saya, ko ka nemo mai saye. An ce yau za a yi masa aiki."

Ba ta ma san ya shiga asusun ba. Na ce ta mayar da akwatin gida ta kulle, na rufe shago muka ɗauko katinsa a wurin aikinsa muka tafi Tarauni. Aka yi aikin a ranar.

Makonnin da ya yi yana jinya su suka koya mini abin da bayanin Madam bai koya mini ba. Janaretona ya tsaya daidai lokacin da ɗalibai ke kawo ayyukansu, ga wuta ba ta zama. Mai aski ya koma almakashi zalla. Mai sayar da ƙanƙara ta yi asarar kaya. Muka kira wani mai gyara daga nesa, ya karɓi kuɗi ya ƙara lalata injin. Da namu ya warke ya fito da akwatinsa, cikin kwana uku layin ya sake ɗaukar ƙara. A nan na gane cewa lafiyar mutumin nan tana cikin jarina, kamar takarda da tawada. Da an sayar da akwatin, da ya koma ƙauye, kuma ba shi kaɗai zai yi asara ba.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da yara gida-gida, asusun ya kusa ƙarewa. Ana cikin haka aka ce mahaifiyar mai aski sai an riƙa yi mata wankin ƙoda. Muka zauna, muka juya maganar ta kowace fuska, muka ga ya fi ƙarfinmu. Ni aka wakilta in faɗa masa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ban taɓa fashin zubi ba ko sau ɗaya."

"Na sani," na ce.

Mun yi masa karo-karo daga aljihunmu, bai kai ko'ina ba. Tsohuwar ta rasu kafin kaka. Madam ta ce mini mun yi kaɗan ne. Irin wannan ciwon sai unguwanni da yawa sun haɗu, da hannun hukuma a ciki. Na yarda da ita, amma hakan bai rage mini nauyin zuwan da na yi shagonsa ba.

Asusun ya ƙara wasu shekaru, har Madam ta tsufa ta koma garinsu, muka kasa samun mai riƙonsa kamar ita. Mai askin yana nan har yanzu, a wurinsa nake aski. Muna hirar 'ya'ya da tsadar kaya da zaɓe, amma ni da shi ba wanda ya taɓa tayar da maganar waccan damina.