Baƙin Ruwa Na Tafe, Dije Ba Ta Nan

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malama Dije, mai kula da ɗakin karatun ƙauyenmu da ke kusa da Bahindi, a ƙasar Bagudo. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Na so in rubuta mata yabo mai sanyi irin wanda ake yi wa mamata, amma makon da ya wuce ban yi shi da kwanciyar hankali ba. Baƙin ruwa na tafe, irin albasar ɗiyata Rabi ya isa dashe, kuma ba mu san inda za ta dasa shi ba.

Mutanen birni, bari in yi muku bayani. Gulbinmu, wato kogin Neja, sau biyu yake cika a shekara. Na farko ruwan damina ne, kowa na ganin hadarinsa. Na biyu kuwa da rani yake zuwa, sama tas, ba ko ɗigo. Ruwan da aka yi ne can ƙasashen yamma watanni da suka shige, ya yi ta tafiya yana ratsa ƙasa bayan ƙasa, har lakarsa ta kwanta ya yi duhu. Shi muke kira baƙin ruwa. Mun san zai zo. Abin da ba mu sani ba shi ne girmansa. In ka dasa albasa ƙasa-ƙasa a fadama, ban ruwa da sauƙi, amma shekarar da ya zo da ƙarfi ko ganye ba za ka tsinta ba. In ka hau tudu ka tsira daga gulbi, sai injin ban ruwa ya shanye ka da fetur.

Ni Kulu, sai da na aurar da 'ya'ya biyu kafin na riƙe fensir. Dije ce ta zaunar da ni a ajin yaƙi da jahilci, ina mata gardama tana mini haƙuri. A kusurwar ɗakin akwai kwamfuta guda mai aiki da sola. Ta nan take shiga wani rumbun bayanai da ɗakunan karatu da masu awon ruwa na ƙasashen bakin kogi suka haɗa. Kowane gari da layinsa. Na sama su rubuta inda ruwa ya kai a wurinsu, na ƙasa su gani su shirya. Akwai wani Malam Musa a tsallaken iyaka, ɓangaren Benin, shi ma mai ɗakin karatu ne, yana jin Faransanci da Dandanci da Hausa. Shi yake warware mata abin da mutanen can suka rubuta, ita kuma ranar kasuwa ta tsaya gefen masu albasa ta faɗa da Hausa, wata Bafulatana ta maimaita wa makiyaya da Fillanci.

Abin da ya fi ba ni haushi da ita a lokacin, kowace safiyar kasuwa sai ta tattare zani ta gangara bakin gulbi, wurin wani turken ƙarfe mai lambobi da aka kafa a ruwa, ta karanta ta dawo ta aika. Wata rana na tare ta.

"Ke Dije, mi ya kai ki? Ruwan da ya riga ya iso gare mu, wa za ki ba labarinsa? Kifi?"

Ta yi dariya. "Kulu, ke kullum hannunki a miƙe yake ki amsa. Mutanen da ke ƙasa da mu hwa, ba su da albasa? Su wa za su gaya musu?"

"Su ji da kansu."

"To, na sama ma su ce mu ji da kanmu."

Na yi tsaki na wuce, amma maganar ta zauna mini.

Shekarun da aka rufe iyaka, shinkafa ba ta ƙetarewa, dangi ba sa ƙetarewa sai ta ɓarauniyar hanya. Gulbi bai tsaya kowa ya duba masa takarda ba. Saƙon Malam Musa ma bai tsaya ba, sai dai a lokacin Dije ta riga ta kwanta dama, ba mai buɗe shi.

Wanda aka ɗora bayanta ba mugu ba ne, amma ya ce shi littattafai aka ba shi, ba a ce ya shiga taɓo ba. Batirin sola ya mutu, aka lulluɓe kwamfuta da tsohon zani kamar gawa, daga baya aka fara jibge buhunan taki a ɗakin. Masu faɗa a ji na garinmu kuwa kullum tambayarsu ɗaya: me ya sa waje ba sa turo mana komai? Ban taɓa jin wanda ya tambayi me muka tura ba.

Ranar kasuwar da ta wuce wani ɗan kabu-kabu mai ɗauko fasinja daga iyaka ya tsaya a ƙofar gidana, ko injin bai kashe ba. Ya ce wani tsoho mai ɗakin karatu ya ce a nemo duk wanda ya san Dije, a gaya masa ruwan bana babba ne. Ya karanto mini lambar wayarsa ya ƙara gaba.

Na sami Rabi a fadama ta gama gyara fangali ƙasa da tsamiyar nan da kowa ya sani, mijinta yana can ci-rani, 'ya'ya huɗu a wuyanta.

"Inna, babba kamar yaya?" in ji ta. "Kowace shekara sai an ce babba. Irin ga ya fara tsufa, in na ƙara mako ya lalace. In na hau tudu, ke za ki saya mini mai?"

Na kira Malam Musa. Muryarsa ta tsufa, Hausarsa da karin Dandanci. Ya ce yana ganin awon garuruwan sama duka, amma layin Bagudo fayau yake shekara bakwai, kuma yashi ya sauya cikin gulbi. In bai san inda ruwa yake a wurinmu yau ba, duk abin da zai faɗa mini zato ne.

Na tattare zani kamar yadda na ga tana yi. Turken na nan, ya yi tsatsa, kainuwa ta naɗe shi. Na shiga ruwa har cinya ina kankare shi da bakin lauje, masunta suna ta ihu wai Gwaggo Kulu ta zo gasa da su. Na ce musu in sun iya karatu su zo su karɓe ni. Ba wanda ya motsa. Na karanta lambar da idon da Dije ta buɗe mini, na faɗa wa Malam Musa.

Ina jin ƙarar yatsunsa a kan kwamfuta. Ashe duk awon da Dije ta yi ta aikawa yana nan a rumbun, ba wanda ya goge. Ya ce akwai shekara guda da awon garuruwan sama da namu suka tsaya kamar na yau. Ya faɗi shekarar. A gefen awon Dije ta rubuta: ruwa ya kai gindin tsamiya.

Na tuna shekarar sarai, ita ce aka yi ta ɗaure kwalekwale a jikin tsamiyar.

Rabi ta yi kuka, ta ce na kashe mata aikin wata guda saboda maganar matacciya da baƙon da ban taɓa gani ba. Na ce ta zage ni in ta so, amma ta kwashe irinta ta hau sama. Ta hau. Wasu mata sun bi ta, wasu sun dasa a ƙasa suna mana kallon mahaukata, kuma har yanzu ina bin su gida-gida.

Da Dije za ta leƙo yau, ba na jin buhunan takin za su dame ta kamar yadda waya ta cika hannun kowa, ana kallon raye-rayen ƙasashen da ba mu san sunansu ba, amma labarin ruwan da zai ci gonarmu sai ɗan kabu-kabu ya kawo shi da baki.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Ta bar safiyoyin kasuwa da ta shiga taɓo saboda mutanen da ba ta sani ba, sai ga shi ɗiyar mai yi mata tsaki ce ta fara cin moriyarsu. Yau da safe na koma turken. Ruwa ya ƙaru, ya shafe fangalin farko da Rabi ta bari. Na kira Malam Musa na ba shi lambar, na ce ya sa a layinmu, akwai masu albasa a ƙasa da mu.