Saura ƙiris na gurgunta angona

Ku faɗa min: wace igiya ce kowa ke yawo da guda biyu, amma sai ta yi ciwo yake tunawa da ita?

Jikana Sadiƙu, sarkin ƙwallon Rafin Guza, ya shigo yana ɗingishi, saman dunduniyarsa a kumbure. Har na aika a kira wanzami ya yi masa tsaga, uwarsa ta ce asibiti tukuna.

A asibiti likita ta dube ni ta ce, "Hajiya, da aska ta shiga wurin nan, da wataƙila ya yi sallama da ƙwallo."

Maganin wai rage gudu, da ɗaga dunduniya a hankali kullum.

Sadiƙu ya ce, "Tsohuwa, mijinki za ki gurgunta?"

Na ce, "Da na huta da yawonka."

Igiyar nan agara ce, jijiyar bayan dunduniya.